Nawa zan kashe kafin in mayar da kwamfutocin shagona kan Windows 11?

Tambayar ta fito ne daga wani mai shagon buga takardu da fotokwafi a wani gari kusa da Ringim, jihar Jigawa: "Assalamu alaikum. Kwamfuta uku gare ni a shago. Ɗaya ta tebur ce, tsohuwa, mai Windows 7, ita ce haɗe da firinta. Biyun laftof ne masu Windows 10, HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude 7490, duk 'yan Beljiyam na saya a Kano. Kullum sai sun fito min da saƙo wai Windows 10 ta ƙare. Injiniyan garinmu ya ce in kawo kuɗi ya mayar da su duka Windows 11. Nawa ya kamata in kashe, kuma dole ne?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kada ka fitar da ko sisi tukuna, domin kwamfutocin nan uku kowace da nata hukuncin, kuma ɗaya ce kaɗai a cikinsu nake sa ran za ta karɓi Windows 11 ta hanyar da ta dace.

Saƙon da kake gani gaskiya ne, amma ba yana nufin kwamfutar za ta mutu ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da yake turawa kowane wata. Za ta ci gaba da kunnuwa, Word zai buɗe, firinta za ta buga. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓarakar da masu kutse ke ganowa. Ga wanda kwamfutarsa ke ɗaka yana kallo da ita, abin da sauƙi. Kai kuwa kowa da filas ɗinsa yake zuwa maka, kana shiga shafukan makarantu da lambobin sirrin mutane, wataƙila har da asusun bankinka, don haka maganar ta shafe ka kai tsaye.

Kuɗin lasisi shi ne abin da mutane suka fi tsoro, alhali sau da yawa shi ne sifili a lissafin. Duk kwamfutar da ke da Windows 10 ta halal, kuma ta cika sharuɗɗa, kyauta take komawa Windows 11: mai Home ta koma Home, mai Pro ta koma Pro. Ka shiga Settings, sai Update & Security, sai Activation. Idan ka ga an rubuta digital license, lasisinka lafiya lau. Idan kuwa ka ga maganar organization's activation service, kai kuma ba ma'aikata ba ne, to kirak aka sa mata, wato lasisin bogi, irin wanda wa'adinsa kwana 180 ne, sai wata ɓoyayyiyar manhaja ta riƙa sabunta shi. Ko da haka ne kada hankalinka ya tashi. Tun zamanin Windows 8 kamfanoni ke dasa lambar lasisi a cikin babban allon cikin kwamfutar (motherboard), kuma yawancin laftof ɗin ofis irin naka da lasisin Pro suka fito daga masana'anta. Masu gyara ne ke ɗora kirak a kai don sauri, ba tare da sun duba ba. Buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta umarni, a Windows 10 ka rubuta wmic path softwarelicensingservice get OA3xOriginalProductKey. Idan haruffa da lambobi 25 suka fito, ka riga ka mallaki lasisi, kuma babu wanda ya isa ya sayar maka da wani.

Sai idan babu ne ake maganar saye. Farashin Microsoft dala 139 ne na Home, Pro kuma wajen dala 199. In muka ɗauki dala a kan naira 1,500 don sauƙin lissafi, Home ta haura naira 200,000, Pro ta doshi 300,000. Wannan kuɗi ya kama hanyar sayen wata laftof ta hannu mai lasisinta a jiki, shi ya sa ban taɓa ganin hikimar saya wa tsohuwar kwamfuta sabon lasisi ba. Lambobin da ake tallatawa a intanet kan 'yan dubbai kaɗan kuwa, galibi na ma'aikatu ne ko makarantu da aka karkatar. Wata ta yi shekaru tana aiki, wata a rufe ta bayan wata biyu, kuma ba ka da wanda za ka kama.

Inda gizo ke saƙar shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. A takarda Windows 11 tana neman ram (wurin riƙe aikin da ake kan yi) 4GB, ma'aji 64GB, sabon tsarin tashin kwamfuta UEFI mai Secure Boot, da guntun tsaro TPM 2.0. Galibi waɗannan ana iya gyara su ko a ƙara. Wanda ba ya gyaruwa a laftof shi ne zubin furosesa: Intel sai daga zubi na 8 zuwa sama, AMD Ryzen na laftof kuma daga jerin 3000. Shiga Settings, System, About, ka karanta sunan. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin: i5-6300U na 6 ne, i5-7300U na 7, i5-8350U na 8. Wadda ta fara da 10 ko 11, kamar i5-10210U ko i5-1135G7, zubi na 10 da na 11 ke nan. A nan ake yi wa mutane rufa-ido a kasuwa, a ce "ai Core i7 ce". Core i7 ta zubi na 6 ba ta cikin jerin, Core i3 ta zubi na 8 kuwa tana ciki.

To, EliteBook 840 G3 zubi na 6 ce, ba ta shiga ba. Latitude 7490 yawancinsu zubi na 8 ne, amma akwai masu na 7, sai ka duba taka. Akwai 'yar manhajar Microsoft ta kyauta, PC Health Check, wadda za ta faɗa maka abin da ya hana idan akwai.

Mu ɗauka Dell ɗin ta 8 ce, amma manhajar ta ce ba ta cancanta ba. Kusan kullum ɗayan abu biyu ne, kuma duk ba sa cin kuɗi. Ko dai an kashe TPM a cikin BIOS, wato shafin saitunan da ke buɗuwa kafin Windows ta tashi, sai ka danna F2 lokacin kunnawa, a HP kuma F10, ka shiga sashen Security ka kunna shi. A wasu kwamfutocin sunansa PTT, a na AMD kuma fTPM. Ko kuma wanda ya yi mata fomatin a baya ya ɗora Windows ta tsohon tsarin Legacy. Rubuta msinfo32 a akwatin binciken Windows ka duba layin BIOS Mode. Idan Legacy ka gani, kada ka yi gaggawar sauya BIOS zuwa UEFI, domin kwamfutar za ta tashi ta ce ba ta ga Windows ba. Sai an fara juya ma'ajin daga tsohon tsarin MBR zuwa sabon tsarin GPT: a Command Prompt na mai cikakken iko a rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya wuce a bi shi da mbr2gpt /convert /allowFullOS, sannan a koma BIOS a sauya. Cikas ɗaya da ake samu da 'yan Beljiyam shi ne wasu na zuwa da kalmar sirri a BIOS daga ma'aikatar da ta yi amfani da su a can. Cire wannan aikin ƙwararre ne, da kuɗinsa daban, kuma abu ne da ya kamata a duba tun a wurin saye.

Yanzu ga kuɗin da za ka kashe da gaske. Lamarin kamar wanda aka ba kyautar doki ne, dusa da harawa shi zai nema.

Ram 4GB za ta ɗauki Windows 11, amma da ka buɗe Chrome da shafuka biyar, ga Word, ga CorelDraw, za ta fara jan ƙafa kwastoma na tsaye a kanka. Don aikin shago 8GB ne mafi ƙaranci. Laftof ɗinka biyu duk DDR4 suke ci, ƙaramar ta laftof, ba doguwar ta kwamfutar tebur ba. Tsofaffi na zubi na 4 da na 5 kuwa DDR3L suke so mai wuta 1.35, kuma idan aka sa musu DDR3 mai 1.5 da yawansu ba sa kawo hoto. Bakin DDR3 da na DDR4 ba ɗaya ba ne, kada a tura da ƙarfi. Ka tafi da kwamfutar kasuwa a gwada a gabanka, ya fi ka aika direban mota ya sayo.

Ma'aji ya fi ram tasiri. Tsohon had disk mai juyawa shi ne ke sa kwamfuta ta yi minti uku kafin ta gama tashi, Task Manager na nuna Disk 100%. Da SSD, wurin ajiya na zamani marar juyawa, abin bai fi daƙiƙa ashirin ba. Latitude 7490 dama SSD siririya irin M.2 take ɗauka, sai dai ka duba girmanta. Idan 128GB ce kuma ta cika, ɗorawar za ta tsaya a hanya, don haka ka samar da fili kamar 30GB ko ka sayi 256GB. Farashin waɗannan kaya yana bin dala, na wannan makon ba shi ne na makon gobe ba, saboda haka ka tambayi shaguna uku a Beirut Road ko Farm Centre a Kano kafin ka tsayar da magana. In SSD ta hannu ce, a buɗe maka CrystalDiskInfo ka ga lafiyarta da awannin da ta yi tana aiki. Araha ba ta ado, kuma akwai jabun SSD da filas masu nuna girman da ba su da shi. Manhajar H2testw tana tona asirinsu: takan cika ma'ajin ta sake karantawa ta faɗi ainihin abin da yake ɗauka.

Sai data, wadda a ƙauye ita ce ta fi ciwo, balle tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Fayil ɗin Windows 11 kansa daga 5GB ne zuwa 7GB da ɗan wani abu, ya danganta da fitowar. Bayan an ɗora sai sabuntawa su biyo baya, da manhajojin da ke tuƙa sauti da hoto da firinta. Ka tanadi 10GB zuwa 15GB don kwamfutar farko. Kada ka bar kowace kwamfuta ta sauke nata. A sauke fayil ɗin ɗora Windows, wanda ake kira ISO, sau ɗaya daga shafin Microsoft, a ajiye, a yi filas mai aƙalla 8GB da shi, ya isa ko kwamfuta nawa ce. Mahaɗin saukewar awa 24 yake yi ya mutu, don haka idan sabis ɗin garinku mai yankewa ne, ko dai ka yi da tsakar dare lokacin da layi ya yi sauƙi kuma akwai garaɓasar dare, ko ka bari sai ranar da ka shiga Dutse ko Kano. Karɓar filas daga hannun wani ba laifi ba ne muddin asalin na Microsoft ne. Waɗanda ake kira Lite ko Pre-activated an taɓa cikinsu, ba ka san abin da aka cire ko aka cusa ba.

Da zarar an gama ɗorawa, abu biyu ke shanye data a ɓoye. Idan wayarka ce ke ba kwamfutar intanet, shiga Settings, Network & internet, Wi-Fi, ka zaɓi sunan wayar ka kunna Metered connection, in ba haka ba Windows za ta ɗauka wadata ce ta yi ta sauke abin da ta ga dama. Na biyu OneDrive ne, wanda kan fara kwashe abin da ke Desktop da Documents yana turawa intanet. Filinsa na kyauta 5GB ne kacal. Shago mai hotunan fasfo da katunan biki zai cika shi nan da nan, datarka kuma ta tafi a banza. Ka ƙi amincewa lokacin da ya tambaya.

Wuta ma kuɗi ce. A kan SSD ɗorawar kan ci awa ɗaya zuwa biyu, a kan had disk tana iya haura uku, kuma akwai lokacin da allon zai rubuta kada a kashe. Idan batirin laftof ya mutu, sai da caja take rayuwa, wutar Nepa ta ɗauke ko inji ya shaƙe a daidai nan, sau da yawa Windows kan koma da kanta inda ta fito, amma wani lokacin sai ta maƙale tana ta sake tashi, dole a yi fomatin. Mai sola ya fara da hantsi, lokacin da rana ke ƙara ƙarfi, ba bayan la'asar ba. Mai janareta ya cika tanki ya cire fotokwafi da injin lamineshon daga layin, domin su ne ke jan wuta da ƙarfi su girgiza sauran. A bazara kuma zafi kaɗai ya isa ya kashe laftof a tsakiyar aiki, musamman wadda ƙurar hunturu ta toshe mata fanka. A buɗe a hure, a sa sabon man sanyaya furosesa, a ɗora ta a kan tebur ba kan katifa ko darduma ba. Ka kuma duba kwanan wata. Idan kullum ka kunna sai ta koma wata shekara ta baya, ƙaramin batirin allon cikin kwamfutar ne ya mutu, yawanci CR2032, kuma da kwanan wata na kuskure sabuntawa ba ta sauka, lasisi ma ba ya kamawa.

Hasarar da ta fi duka tsada ita ce ta takardun mutane. Kafin a taɓa komai a kwafe Desktop, Documents, Downloads da Pictures zuwa wani ma'aji na waje, a buɗe wasu a wata kwamfutar a tabbatar sun kwafu. Abin da aka fi mantawa shi ne babban fayil ɗin haruffa, C:\Windows\Fonts. Duk katin ɗaurin aure da kan takardar makaranta da ka zana da haruffa na musamman, har da na Larabci da tsofaffin haruffan Hausa masu lanƙwasa, za su wargaje idan haruffan suka ɓata. Haka lambobin sirrin da Chrome ya adana maka.

Hanyar ɗorawa biyu ce. Idan aka buɗe ISO daga cikin Windows 10 aka danna setup.exe aka zaɓi Keep personal files and apps, takardu da manhajoji duk suna nan, kuma kana da kwana 10 da za ka iya komawa baya ta Settings, System, Recovery. Idan aka tashi kwamfutar daga filas aka share ma'aji, komai ya tafi, sai an sake ɗora Office da Corel da sauransu. Ga Dell ɗinka ta farko na fi so, sai fa idan ƙwayoyin cuta sun cika ta ko kirak ya yi mata katutu. In ta biyun aka bi, ka tsaya a wurin lokacin da ta nemi asusun Microsoft. Sababbin fitowar Windows 11 kan kulle ma'aji da BitLocker da kansu, su ajiye mabuɗin mai lamba 48 a cikin asusun da aka shiga da shi. Idan injiniya ya sa nasa imel don sauri, ranar da allon cikin kwamfutar ya lalace ko aka taɓa BIOS ta nemi mabuɗin, takardunka na hannun wani, wataƙila shi ma ya manta kalmar sirrinsa. Asusun ya zama naka, da lambar wayarka, ka kuma rubuta mabuɗin a littafi.

Ita kuma HP 840 G3 fa? Kwamfuta ce mai ƙwari, ba ta cancanci jefarwa ba. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin tsaro mai suna ESU wanda ke kai Windows 10 har 13 ga Oktoba 2026, da sharaɗin tana kan fitowar 22H2, wadda za ka gani idan ka rubuta winver. Na ɗaiɗaikun mutane dala 30 ne, ko kyauta ga wanda ya shiga da asusun Microsoft ya amince a adana saitunansa a can. Na kamfanoni dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa duk shekara, kuma wannan ba lissafin ƙaramin shago ba ne. Abin da injiniyanku ke shirin yi kuwa, na tabbata, shi ne amfani da Rufus, manhajar da ke cire binciken TPM da furosesa. Yana aiki, kuma da ram 8GB da SSD kwamfutar za ta yi gudu lafiya. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma babbar fitowar shekara-shekara ba ta zuwa mata da kanta. Kowace fitowa wata 24 ake tallafa mata, ke nan bayan lokaci sai an sake ɗorawa da hannu, a sake biyan data da kuɗin aiki. Ban hana ba, amma ya faɗa maka gaskiya, kuma kada ya karɓi kuɗin lasisi a kai. Idan aikinta intanet ne da rubutu kawai, Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, kyauta ce, fayil ɗinta bai wuce 3GB da kaɗan ba, tana zuwa da LibreOffice da Firefox, kuma cutar filas ɗin nan mai mayar da takardu gajerun hanyoyi ba ta kama ta. Amma CorelDraw ba ya aiki a kanta, wasu firintocin Canon kuma suna ba da wahala. A ganina mafi alheri shi ne ka riƙe ta a kan Windows 10 mai ƙarin tsaro kana tara ciko, sannan ka yi musaya da mai zubi na 8, kamar EliteBook 840 G5 ko ThinkPad T480, kana karanta lambar furosesa da idonka.

Ta teburin mai Windows 7, ka bar ta yadda take. Tallafinta ya ƙare tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ya tsaya mata a fitowa ta 109, kuma hanyar hawa sabuwar Windows kyauta da lambar lasisin Windows 7 an rufe ta a Satumban 2023. Idan tsohuwar furosesar nan Core 2 Duo gare ta, Windows 11 daga fitowar 24H2 ba ta ma tashi a kanta ko da Rufus. Tsohuwar firintarka da tsohon Corel ko PageMaker a nan suka fi zama lafiya. Cire ta daga intanet gaba ɗaya, ta zama ta rubutu da bugawa, duk filas ɗin da aka kawo kuma a fara bincika shi a Dell kafin ya shige ta.

Lissafin ke nan: lasisi babu, data 10GB zuwa 15GB, ram ko SSD idan Dell ɗin na buƙata, man inji na awa uku, sai kuɗin hannun injiniya, wanda haƙƙinsa ne, ku daidaita tun kafin ya fara, ya kuma faɗa maka ko kwafe takardu na ciki. Kada ka yi aikin ranar kasuwar garinku ko lokacin rajistar jarrabawa, domin yini ɗaya da kwamfuta a kwance a irin wannan lokaci ya fi kuɗin ram. Ka duba shafin kamfanin firintarka da na na'urar ɗaukar zanen yatsa, in kana da ita, ko akwai manhajarsu ta 64-bit, domin Windows 11 ba ta da 32-bit sam. Bayan an gama, a cikin kwana goman nan ka buga takarda, ka yi sikanin, ka buɗe tsofaffin zanen Corel, ka gwada shafukan da kake wa mutane rajista. Kada kowa ya share babban fayil ɗin Windows.old don neman fili kafin ka gama gwajin, domin da shi ake komawa Windows 10 idan wani abu ya ƙi aiki.